Makarantar Aikin Jarida: Abin da Ɗan Arewa Ke Samowa a Yawunde da Injamena, da Abin da Ba Ya Samowa

A watan Satumban 2020, hukumar da ke sa ido kan kafofin yaɗa labarai a Chadi, wadda aka fi sani da HAMA, ta dakatar da jaridu 12 na tsawon wata uku. Dalilin da ta bayar bai shafi wani labari da suka buga ba. Dokar 'yan jarida ta 2018 ce ta ce duk wanda zai riƙe muƙamin daraktan jarida ko babban edita dole ya kasance ya yi karatun aikin jarida na aƙalla shekara uku a gaba da sakandare, hukumar kuma ta ce shugabannin waɗannan jaridu ba su da wannan takarda. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida suka yi ca, suna ganin an fake da guzuma ne domin a harbi karsana. Ko ma mene ne nufin, saƙo ya isa: a Chadi takardar makarantar jarida ta zama lasisin riƙe jarida.

A Kamaru abin bai tsananta haka ba. Dokar 'yancin sadarwa ta Disamban 1990 ta ce ɗan jarida shi ne wanda basirarsa da horonsa da baiwarsa suka sa aka yarda zai iya nemo labari ya sarrafa shi, wato ta bar ƙofa a buɗe ga wanda ya koyi sana'ar a bakin aiki. Amma je ka nemi aiki a CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, ko jaridar gwamnati Cameroon Tribune, ko kujerar jami'in yaɗa labarai a wata ma'aikata, ka ga ko ba takardar za a fara tambayarka ba. Shi ya sa a garuruwan arewacin Kamaru, Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusiri, ake samun yaran da suka ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, suna cewa su aikin jarida za su karanta, iyaye kuma suna yin tambayar da ta dace: wai me ake koyarwa a can har shekara uku, alhali ga su wane da muke ji a rediyo kullum, ba su taɓa zama a wannan aji ba?

Ana koyar da abubuwa da dama, wasunsu ma ba a samunsu a bakin makirfo ko da mutum ya tsufa a wurin. Sai dai an gina makarantar ne domin mai karatu da mai sauraron da ke Yawunde da Duwala da Injamena. Manomin auduga na Gider da masuncin bakin kogin Logon ba sa cikin lissafi, alhali su ne ɗan arewa zai dawo ya tarar.

Uwar makarantun ita ce ta Yawunde. An buɗe ta a 1970 da sunan ESIJY, makarantar haɗin gwiwa tsakanin Kamaru da wasu ƙasashe masu amfani da Faransanci, ciki har da Chadi da Gabon da Afirka ta Tsakiya da Ruwanda. Daraktanta na farko Bafaranshe ne, Hervé Bourges, wanda daga baya ya shugabanci RFI da manyan tashoshin talabijin na Faransa. A 1982 aka sauya mata suna ta zama ta Kamaru sosai, a 1991 ta ɗauki sunan ESSTIC da aka san ta da shi yau, bayan garambawul ɗin jami'o'i na 1993 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Yawunde ta Biyu, ko da yake gininta yana nan a Ngoa-Ekelle, cikin gari.

A lura da zamanin da aka haife ta. Lokacin Ahmadu Ahijo ne, jam'iyya ɗaya, rediyo na gwamnati, babbar jarida ta gwamnati. Wanda ya gama makarantar, ma'aikacin gwamnati zai zama, kuma aikinsa ya isar da maganar hukuma cikin Faransanci mai tsabta. Rikicin tattalin arziki na ƙarshen shekarun 1980 ya kawo ƙarshen wancan garaɓasa, dokar 1990 ta buɗe fagen jaridu masu zaman kansu, sannan wata doka ta watan Afrilun 2000 ta halatta rediyo da talabijin na 'yan kasuwa. Makarantar ta bi zamani gwargwado. Yanzu ban da aikin jarida ana koyar da talla, hulɗa da jama'a, ɗab'i, da adana takardu da littattafai. Amma warin asali bai gama fita daga jikinta ba, haka ma daga jikin sana'ar baki ɗaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Masu Ingilishi suna da sashen aikin jarida a Jami'ar Buea. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu, irin su Siantou a Yawunde, da ke ba da takardar BTS ta shekara biyu. A Chadi, Jami'ar Injamena, wadda aka kafa a 1971, tana da sashen kimiyyar yaɗa labarai da sadarwa, kuma har yau 'yan Chadi na zuwa Yawunde da Dakar da Yamai neman wannan karatu. Jami'o'inmu na arewa kuwa a wasu fannoni suka yi suna: Ngaundare a sarrafa abinci da likitancin dabbobi, Marwa da aka buɗe a 2008 a horar da malamai da injiniyoyi, Garwa ta 2022 a likitanci. Ɗan Garwa, Issa Tchiroma Bakary, ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2009 zuwa 2019, duk da haka makarantar da ake ji da ita tana nan inda take. Don haka yaron da ya nace sai ESSTIC, sai ya ɗauki jakarsa ya yi kudu.

Kafin jakar ma akwai konkur, wato jarrabawar neman gurbi, domin ba a shiga da bak kaɗai. Ana gwada rubutu da sanin duniya da harshen hukuma na biyu, wato Ingilishi ga masu Faransanci, kujerun kuma kaɗan ne. A nan yaron da ya tashi a gidan da ake sayen jarida yake yi wa namu fintinkau, ba don ya fi shi kai ba, sai don kunnensa ya saba da Faransancin labarai tun yana rarrafe. Idan Allah ya ba da sa'a, sai hanya: mota daga Marwa zuwa Garwa, daga Garwa zuwa Ngaundare, sannan jirgin ƙasa na dare, fiye da kilomita 600, a wayi gari a Yawunde. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara tun 1993, amma wannan shi ne ƙaramin ciwon kai. Babban shi ne hayar ɗaki a unguwar ɗalibai ta Bonamoussadi, da abinci, da kwafin takardu, da kwamfuta, da kuɗin intanet, da na tasi zuwa neman labari. Ranar Juma'a za ka ga 'yan arewa sun gangara Briqueterie, unguwar Hausawa, a yi salla, a ci tsire, a ji Hausa da Fulatanci, a karɓi saƙon kilishi ko garin kunu da aka aiko daga gida. Ga mai wayo, nan ne ma filin neman labarinsa na farko.

Ɗan'uwansa da ya tsaya a Injamena nasa kukan daban ne. A 2016 gwamnati ta soke alawus ɗin ɗalibai cikin matakan tsuke bakin aljihu, kuma yajin aiki ya sha sa shekarar karatu ta miƙe ta shiga cikin wata, har lisans, wato digirin farko na shekara uku, ya ci huɗu ko fiye. Ga kuma harsunan hukuma biyu, Faransanci da Larabci, kowanne da 'yan jaridarsa da masu karatunsa, sau da yawa ba sa ma karanta juna.

Tsarin karatun iri ɗaya ne a ƙasashen biyu: lisans, mastar, dakta. Shekara zango biyu, maki a kan 20, ana haɗa gwajin cikin zango da babbar jarrabawa, wanda ya kasa kai 10 kuma sai ya koma zagayen gyara. Akwai darussan zaman aji: tarihin kafofin yaɗa labarai, nazarin sadarwa, zamantakewa, tattalin arziki, doka. Ɗalibai kan yi musu haddar dole, a zubar a takarda, a wuce. Ruhin makarantar yana cikin darussan aikin hannu, inda ake mayar da aji ɗakin labarai. Da safe a yi taron tsara aiki, kowa ya kawo labarin da zai bi ya kare shi, a naɗa edita daga cikin ɗalibai, a watse cikin gari, a dawo kafin lokacin rufe shafi. Wanda ya makara da minti goma, labarinsa ya mutu, ko da ya fi na kowa kyau.

Ga yadda abin kan kasance. An ba aji aikin rubuta labarin ambaliya. Ɗalibi ya miƙe ya fara karanta nasa: mai girma gwamnan jiha, tare da rakiyar kantoma da kwamandan jandarma da sarakunan gargajiya, ya kai ziyarar jaje. Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Gida nawa ruwa ya rusa?"

"Yana sakin layi na huɗu, Malam."

"Mutum nawa suka kwana a waje?"

"Yana na biyar."

"To gwamnan ruwa ya ci, ko su? Juya ta."

Aji ya fashe da dariya, amma duk wanda ke dariyar haka ya rubuta nasa. Sun tashi suna jin labarai na farawa da manya, sai suka ɗauka haka Allah ya yi labari. Wata da watanni ake yi ana kankare wannan ɗabi'a: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me, sannan mafi nauyi a sama, mafi sauƙi a ƙasa, yadda ko edita ya datse wutsiyar labarin, kansa na nan. Daga nan a koyi rarrabe gajeren labari da rahoton taro, da rahoton gani da ido, da bincike, da hira, da sharhi, kuma a koyi cewa ra'ayinka ba shi da gurbi sai a sharhi. A sutudiyo a koyi rubuta wa kunne: jimla gajera, lamba a dunƙule, rahoto na minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, murya a yanke ta a kwamfuta ba tare da an sauya ma'anar mai magana ba. Kayan aiki ba sa isa, kamara ɗaya kan yi yawo a hannun mutum goma, shi ya sa wayar hannu ta zama kamara da rakoda da ɗakin tace hoto gaba ɗaya. Ni ban ga laifin wannan ba, domin da wayar za su yi aiki idan sun fita.

Darasin da ɗan arewa bai kamata ya yi gyangyaɗi a cikinsa ba shi ne na doka da ɗa'ar aiki. A can za a karanta masa yarjejeniyar Munich ta 1971, wadda ta jera haƙƙoƙi da wajiban ɗan jarida, ciki har da ɓoye sirrin wanda ya ba ka labari. Za a nuna masa cewa dokar 1990 ta amince da wannan kariya, ba a ɗage ta sai a gaban alƙali a zaman sirri. Sannan a juya shafi. Ɓata suna laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku a ƙarƙashin kundin hukunta laifuka na Kamaru. Dokar laifukan intanet ta 2010 na hukunta yaɗa labarin da mutum ya kasa tabbatarwa. Hukumar CNC mai sa ido kan kafofin yaɗa labarai a Kamaru, tun gyaran da aka yi mata a 2012, na iya dakatar da ɗan jarida ko gidansa. Sama da duka akwai dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014, wadda ke kai farar hula gaban kotun soja.

Mu nan ba a littafi muka ga aikin wannan doka ba. A ranar 30 ga Yulin 2015 aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa. A watan Afrilun 2017 kotun soja ta Yawunde ta yanke masa shekara 10, bisa tuhumar da ta haɗa da ƙin kai rahoton ayyukan ta'addanci ga hukuma. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa wata 24, aka sake shi a Disamban 2017, bayan ya riga ya zarce wa'adin a tsare. A dubi tsaka-mai-wuyar da ke ciki: ɗa'ar aiki ta ce kada ka tona wanda ya ba ka labari, dokar ƙasa kuma ta ce idan ka san wani abu game da 'yan ta'adda ka yi shiru, kai ma mai laifi ne. Ɗan jaridar da ke bin labarin kasuwar hannun jari a Duwala zai iya yin ritaya bai taɓa cin karo da wannan ba. Na Mora ko Kolofata ko yankin Tafkin Chadi kuwa, lamba ɗaya a wayarsa ta isa. Kudun ma ba tudun mun tsira ba ce, domin a Janairun 2023 aka sace Martinez Zogo, shugaban gidan rediyon Amplitude FM, aka tsinci gawarsa a kusa da Yawunde bayan kwana biyar. A Injamena kuma harsashi ya kashe ɗan jarida Narcisse Oredje ranar zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022. Makaranta na koyar da ayoyin doka da kyau. Yadda za ka adana lambobin majiyarka, wa za ka sanar kafin ka tafi ƙauyen kan iyaka, me za ka ce a shingen soja, waɗannan galibi a bakin tsofaffin hannu ake tsintarsu, ko a bitar kwana uku da wata ƙungiya ta shirya.

Daga nan sai sitaj, wato zaman koyon aiki a wani gidan jarida lokacin hutu. A nan ɗalibi ke haɗuwa da gombo. Haka ake kiran ambulan ɗin da mai taro ke miƙa wa 'yan jarida a ƙarshen zama, da sunan kuɗin mota. A aji an gaya masa haramun ne. A wurin taro sai ya ga takarda na zagayawa, kowa na rubuta sunansa da na gidan da ya turo shi, babu mai ko sunkuyar da kai. Wanda ke horar da shi zai ja shi gefe ya ce, ƙanena, sa hannu, da me za mu koma? Kuma da gaskiyarsa ta wani fanni: akwai yarjejeniyar albashin 'yan jarida da aka sa wa hannu a Kamaru a 2008, amma gidaje da yawa ba su taɓa aiki da ita ba, wasu ma kan yi watanni ba su biya ba. Zagin yaron da ya karɓa ba shi da wuya, kuma ba ya gyara komai. Abin da na fi damuwa da shi shi ne abin da gombo ke yi wa taswirar labarai. Inda ake raba ambulan nan makirfo ke taruwa, wato otal da ofis. Rijiyar da ta ƙafe a ƙauye ba ta raba ambulan, makiyayin da annoba ta kashe wa shanu ba ya kiran taron manema labarai. Haka gwamnan da Malam ya kore daga sakin layi na farko yake dawowa ya zauna daram.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban giɓin shi ne harshe. Yaro ya yi shekara uku yana goge Faransancinsa har ya yi sheƙi, ya dawo Garwa ko Marwa ko Kusiri, sai ya tarar masu saurarensa da Fulatanci suke rayuwa, da Hausa, da Larabcin Shuwa, da Barbarci, da Mafa, da Tupuri, da Masa, da Musgum. Kamar tela ne da ya ƙware a ɗinkin kwat, ya buɗe shago a garin da kowa babbar riga yake sawa. Jaridar takarda a nan 'yan boko kaɗan ke karanta ta, har da L'Œil du Sahel ta Guibai Gatama, wadda ta fi kowace bin labarin arewa. Jama'a rediyo suke ji. Tashoshin CRTV na jihohi suna da shirye-shirye a harsunan gida, Sawtu Linjiila na watsa Fulatanci daga Ngaundare tun shekarun 1960, Radio Ndarason na magana da mutanen tafki cikin Barbarci da Kanembu, ga ƙananan rediyoyin al'umma barkatai. Tsofaffinmu kuma da BBC Hausa suka tashi, wadda ta fara a 1957, da DW da Muryar Amurka, kafin RFI ta shigo da Hausa a 2007.

To wa ke karanta labarai a waɗannan harsuna? A gidaje da yawa tsarin ɗaya ne. Masu takarda su rubuta labaran Faransanci, a karanta, sannan a miƙa takardar ga mai harshen gida, ya shiga sutudiyo yana kallon Faransanci bakinsa na fitar da Hausa ko Fulatanci nan take. Ba ɗan jarida ake kiransa ba, mai gabatar da shiri ake ce masa. Albashinsa ya fi ƙanƙanta, wani ma ba shi da kwantiragi, ba ya zama a taron tsara labarai. Amma shi ne wanda gari ke ji, shi ake tsayarwa a kasuwa a gaisa da shi. Ke nan wanda aka horar ba ya magana da jama'a, wanda ke magana da jama'a kuma ba a horar da shi ba.

Kada a ɗauka fassarar nan wasa ce. Ɗauki lissafin kuɗi kawai. Mu a nan da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, haka ma a Larabcin Chadi riyal ɗaya sefa biyar ne. A ce takardar Faransanci ta ce za a sayi kilon auduga sefa 300. Idan mai karanta labarai ya ce ɗari uku ya wuce, dattijon da ke zaune a gindin darbejiya da rediyonsa dala ɗari uku zai ji, wato sefa 1,500, alhali dala sittin ake nufi. Gobe ya je wurin awo, ya ce an cuce shi. Haka batun kotu. Faransancin shari'a ya bambanta wanda ake zargi, da wanda ke tsare hannun 'yan sanda, da wanda aka tsare kafin shari'a, da wanda aka yanke wa hukunci. Mai fassarar gaggawa sai ya dunƙule su duka ya ce an kama ɓarawo. Ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba, a kunnen surukan mutumin da maƙwabtansa. Duk darasin ɓata suna da aka koyar a Yawunde ya tsaya a bakin ƙofar sutudiyo.

Wani lokaci abin ya fi haka nauyi. A watan Agusta da kuma Disamban 2021 rikici ya ɓarke tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a yankin Logone-Birni kan ruwa, ya kai har Kusiri, dubun dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi. A irin wannan rana, ko ka ce wasu matasa ko ka kira sunan ƙabila, ko ka ce an ce ko ka ce an tabbatar, bambancin na iya zama rai. Kuma jita-jitar da ke kunna wuta ba a rubuce take yawo ba. Saƙon murya ne a WhatsApp, cikin Larabci ko Fulatanci ko Hausa, daga waya zuwa waya. Yanzu ana koya wa ɗalibai tantance hoto da bidiyo, abu mai kyau, amma idan sakamakon tantancewar ya fito a rubutaccen Faransanci a wani shafin intanet, wadda ta ji ƙaryar a wayar ɗanta ba za ta taɓa cin karo da shi ba.

Abin takaicin shi ne ba daga sifili za a fara ba. Hausa na da salon rubutun jarida tun Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, kuma sassan Hausa na rediyoyin duniya sun shafe shekaru suna ƙera kalmomin siyasa da tattalin arziki da lafiya. Kamaru kanta na da haruffan bai-ɗaya na rubuta harsunanta tun 1979, kundin tsarin mulki na 1996 ya yi alkawarin karewa da bunƙasa harsunan ƙasa, kuma a 2008 an buɗe sashen harsuna da al'adun Kamaru a babbar makarantar horar da malamai ta Yawunde. Amma sai ka ga yaro Bahaushe, lisans a hannu, ya kasa rubuta sakin layi ɗaya na Hausa ba tare da ya rikita ƙ da k ba, ko ya haɗe kalmomin da ake rabawa. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa ba shi maki a kan wannan ba.

Ƙarshen shekara ta uku shi ne sutanans. Ɗalibi zai haɗa aikin kansa, mujalla ko shirin rediyo ko na talabijin ko shafin intanet, ya haɗa da rahoton sitaj, ya tsaya gaban alƙalai ya kare. Ranar biki ce: a sa kwat ko shadda, 'yan'uwa su cika bayan ɗaki, a ɗauki hotuna. 'Yan arewa kan zaɓi batutuwan gida, kuma sau da yawa su ne mafiya armashi: noman masakwa, 'yan gudun hijira na sansanin Minawao, fataucin albasa, auren wuri, 'yan acaɓa da man Najeriya. Sai dai duk muryar da aka ɗauko cikin Fulatanci ko Hausa dole a danne ta, a ɗora Faransanci a kai, domin alƙalai su ji. Tsohuwar da ta yi magana mai ratsa jiki sai ta koma jimla biyu a bakin wani. A ci maki 16, a ajiye aikin a kabad, mutanen da aka yi shi a kansu ba su ji shi ba.

Bayan biki sai neman aiki. Kaɗan ke shiga gidajen gwamnati, CRTV a Kamaru ko ONAMA a Chadi. Da yawa kan zarce ƙungiyoyin agaji da ke cike da Marwa da Injamena su zama jami'an sadarwa, domin can ne albashi ke zuwa a kan kari. Wasu su buɗe shafi a Facebook su zama gidan jarida na mutum ɗaya. Wanda ya iya Hausa ko Fulatanci da gaske, ba ta hira kawai ba, yana da wata ƙofa da abokan karatunsa ba su da ita, wato wakilcin rediyoyin waje, ko da yake ita ma ta ƙara ƙunci tun da Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025 bisa umarnin gwamnatin Trump.

Gyaran da nake gani bai buƙatar sabon gini. Darasi ɗaya ne na aikin hannu a kowace shekara, inda ɗalibi zai tsara labarai ya karanta su kai tsaye cikin harshen gida da ya zaɓa, a ba shi maki kamar yadda ake ba shi a Faransanci, sannan a yarda ya kare aikinsa na ƙarshe cikin wannan harshe tare da fassara a rubuce ga alƙalai. Matsalar ita ce wa zai koyar. Waɗanda suka iya abin su ne masu gabatar da shirye-shiryen nan na Garwa da Marwa da Ngaundare da Injamena da suka shekara ashirin ko talatin a bakin makirfo, kuma yawancinsu ba su da mastar balle dakta, don haka jami'a ba za ta ɗauke su malamai ba. Hanyar da ta rage ita ce wadda makarantun ke bi da ma wajen gayyato ƙwararrun editoci da masu ɗaukar hoto su koyar na wucin gadi, a biya su bisa awa. Sai a haɗa kowannensu da malamin harshe mai takarda, ɗaya ya kula da kunne, ɗaya ya kula da ƙa'idar rubutu, kuma a tanadi kuɗin jirgin ƙasa da masauki cikin kasafin makaranta tun farkon shekara.